A riƙa awo kafin a musanya ƙafa da birki a tsofaffin babura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi masu tsofaffin babura da makanikan da ke yi musu gyara, wato ɗabi'ar cire ƙafa ko kayan birki daga wani samfurin babur a ɗaura wa wani samfurin dabam. Abu ne da ake yi kullum a garejin bakin titi, kuma da wuya ka ji an tattauna shi a fili, alhali ran mutum ne ake ɗorawa a kan waɗannan ƙafafu biyu.

Baburan da nake nufi su ne waɗanda iyayenmu da yayyenmu suka hau tun zamanin kuɗin Udoji na 1975, lokacin da malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan asibiti suka samu halin mallakar abin hawa. Akwai Honda mai silinda biyu, CD175 da CD185 da CD200 da muka fi sani da Roadmaster, akwai ƙananan Honda C50 da C70 da C90, akwai CG125 da ya fito a 1975, akwai Suzuki A100 da Yamaha YB100, sannan ga Vespa wadda har gobe wasu dattawa ba su yarda akwai abin hawan da ya kai ta mutunci ba. Da yawa daga cikin waɗannan babura suna nan suna aiki a ƙauyuka da birane, wasu kuma matasa sun fara tono su daga zaure suna farfaɗo da su saboda sha'awa da kuma ƙarkon da aka san su da shi.

Dalilin da ya sa musanyar kaya ta zama ruwan dare a bayyane yake. Tun daga 1986, lokacin da darajar naira ta karye a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu, kayan gyara na asali daga Japan suka fara fin ƙarfin talaka, daga baya kuma kamfanonin suka daina ƙera yawancin waɗannan samfura gaba ɗaya. A daidai wannan lokaci sai kasuwa ta cika da kayan Taiwan da na Sin da 'yan kasuwar Nnewi ke shigowa da su, sannan baburan Sin suka biyo baya, kuma da yawansu an gina su ne a kan tsarin na Japan. Jincheng da 'yan acaɓa suka yi yayi, a kan tsarin Suzuki AX100 aka yi shi, wasu da dama kuma kwaikwayon CG125 ne. Saboda haka duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna zai tarar da ƙafafu da murafen birki jibge, sun yi kama da juna ƙwarai, har mai sayarwa ya rantse maka cewa duk ɗaya ne.

Ba na cikin masu cewa a daina wannan musanya. Da babu gara ba daɗi, kuma ba don ita ba da yawancin waɗannan babura tuni 'yan gwangwan sun auna su a sikeli. Ko a Ingila, inda ake ji da tsofaffin Triumph da BSA, masu su suna ɗaukar birkin gaba mai inci 8 da aka fara sa wa manyan Triumph a 1968 su ɗaura wa samfuran da suka girme shi, domin ya fi na da kamawa, wasu ma suna fifita shi a kan wanda ya maye gurbinsa a 1971. Abin da ya bambanta su da mu shi ne suna yin aikin da ma'auni da littafin kamfani a hannu, mu kuwa mun dogara da karin maganar nan da ke cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wajen awon hatsi maganar gaskiya ce. A wajen ƙafar babur kuwa, bambancin milimita 2 da ido ba zai gani ba ya isa ya kayar da mutum a tsakiyar titi.

Bari in fara da sandar da ke ratsa tsakiyar ƙafa da kuma boris ɗin da take hawa. Kowane boris yana da lamba a jikinsa, kuma lambobi biyu na ƙarshe su ne ke faɗin girman raminsa: 00 na nufin milimita 10, 01 na nufin 12, 02 na nufin 15, 03 na nufin 17. Ƙananan babura irin C70 suna amfani da siririyar sanda a gaba, manya kuma suna amfani da mai kauri. Idan aka kawo ƙafar da raminta ya fi sandar girma, abin da ake yawan yi shi ne a naɗa wa sandar yankin gwangwani ko a cusa guntun bututu, a ɗaure noti da ƙarfi, a ce an gama. Gwangwanin nan yana murƙushewa cikin 'yan makonni, ƙafar ta fara rawa, mai babur ya riƙa jin kan yana kaɗawa ya ɗauka laifin hanya ne. Akwai hanya mai kyau ta yin wannan aiki, domin wasu boris suna da faɗin waje iri ɗaya amma raminsu ya bambanta. Misali, 6300 da 6202 duk faɗinsu na waje milimita 35 ne, kaurinsu milimita 11, sai dai ramin na farko 10 ne, na biyu 15. Wanda ya san wannan zai canza boris ya samu daidaito na gaskiya, amma da sharaɗin ya canza bututun nan da ke zaune a cikin hob, wato cibiyar ƙafa, tsakanin boris biyu. Wannan bututu shi ne abin da yaran gareji suka fi jefarwa, suna ganin ba shi da amfani, alhali shi ke hana noti matse boris ta gefe. Idan babu shi, ko ya gaza tsawo, boris yana ɗaukar zafi ya farfashe, kuma yana iya riƙe ƙafar ana cikin tafiya.

Bayan haka sai zaman ƙafa a tsakiya. Hob na kowane samfuri yana da faɗinsa, kuma ƙananan ƙarafan da ake sa wa a gefe da gefe an yanka su ne daidai da wannan faɗi. Tara wosha barkatai don cike gurbi, ko matso ƙafafun fok, wato ƙarafa biyun da ke riƙe ƙafar gaba, da ƙarfin noti don su kama hob ɗin da bai kai ba, yana sa fok ya riƙa maƙalewa, kuma ƙafar gaba ta kauce daga layin ta baya. Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo: a miƙa zare ko miƙaƙƙen katako daga tayar baya zuwa ta gaba ta ɓangarorin biyu, a duba ko tazarar ta yi daidai. A ƙafar baya kuma akwai ƙarin batun sarƙa, domin dole haƙoran baya su zauna a layi ɗaya da na gaba, kuma girman sarƙar ya dace da su. C70 da 'yan uwansa suna amfani da sarƙa mai lamba 420, CG125 kuma 428, kuma haɗa haƙoran wannan da sarƙar wancan yana cinye su duka biyun.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda kuma shi ne ainihin dalilin rubuta wannan wasiƙa, shi ne yadda ake wasa da abin da ke riƙe murfin birki. A birkin durom, wato mai kwanon ƙarfe a tsakiyar ƙafa, lainin guda biyu suna zaune ne a jikin murfi, kuma da zarar sun kama durom ɗin da ke juyawa, duk ƙarfin tafiyar babur da nauyin mutanen da ke kansa yana ƙoƙarin juya murfin tare da ƙafar. Abin da ke hana hakan a gaban babura irin CG125 shi ne wani ɗan tudu a jikin fok da ke shiga cikin tsagin murfin, a baya kuma wata sanda ce da aka ɗaure da kusa da noti, aka kuma soke notin da fin don kada ya kwance. Kowane kamfani yana da wurin da ya ajiye wannan tudu da girman da ya ba shi, kuma C70 da 'yan uwansa, waɗanda gabansu ba fok mai shiga da fita ba ne, tsarinsu dabam yake gaba ɗaya. Idan aka ɗauko murfin wani babur aka ga tsagin bai faɗa daidai ba, sai a gurje shi da magagari, ko a bar tudun ya kama rabi, ko a kai wa mai walda ya ɗiga wani ƙarfe, wani lokaci ma a ɗaure da waya. A tafiyar yau da kullum abin yana iya ɗaukar watanni bai nuna komai ba. Ranar da yaro ya gilma ko mota ta tsaya babu zato, mai babur ya matse birki da iyakar ƙarfinsa, a ranar ce murfin zai kuɓuce ya juya, ya naɗe wayar birki, ya ja ta fiye da yadda hannu zai iya, ƙafar gaba ta ƙame nan take. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cinye kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma wanda ƙafar gabansa ta ƙame a wannan gudu ta saman kan babur zai wuce. Irin wannan hatsari idan ya auku akan ce gudu ne ko ƙaddara, babu mai komawa ya duba murfin birki. Mun yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, kuma a ganina makanikin da ya saki babur da murfin birki a ɗaure da waya yana da alhaki a wuyansa.

Su kansu lainin birki suna da nasu ƙa'idoji. Ƙananan babura da yawa suna da durom mai faɗin milimita 110, wasu 130, amma daidaiton faɗi bai wadatar ba, domin faɗin fuskar lainin, da siffar bakinsa inda yake zama a kan ƙarfen da ke buɗe shi, da wurin maƙala sifirin duk suna bambanta. Lainin da lanƙwasarsa ba ta bi ta durom ba, da ɗan yanki kaɗan yake kamawa, shi ya sa za ka ga an sa sabo amma birki ya fi na da rauni. Ana iya gane haka ta shafa alli a fuskarsa, a haɗa, a juya ƙafar ana taɓa birki a hankali, a buɗe a ga inda allin ya goge. Durom ma yana tsufa: mai faɗin 110 idan ya cinye ya kai 111 ya kai iyakarsa, lainin kuma idan kaurinsa ya sauka zuwa milimita 2 ya gama aiki. Dabarar nan ta naɗa gwangwani a bakin lainin da ya cinye, ko matsar da ɗan hannun birki da ke jikin murfi gaba a kan haƙoransa don a ƙara samun kamu, tana da haɗari sosai, domin ƙarfen da ke buɗe lainin yana iya juyawa ya wuce iyaka ya tsaya a gicciye, birki ya kama ya ƙi saki. Ƙa'idar da tsofaffin makanikai suka sani ita ce idan aka matse birki, kusurwar da ke tsakanin hannun da wayar da ke jansa kada ta wuce digiri 90. Haka kuma lainin da ya shekara talatin a ajiye, ko da bai taɓa aiki ba, gam ɗin da ya manne shi yana iya sakin sa, saboda haka samun tsohon kaya na asali a cikin kwalinsa bai zama tabbacin lafiyarsa ba.

Game da girman ƙafa, C70 da Roadmaster CD200 inci 17 suke amfani da shi, CG125 da AX100 kuma inci 18. Masu sauya 17 zuwa 18 suna yin haka ne don tayar ta fi samuwa ko don babur ya ƙara tsawo a hanyar karkara. Ƙarin da ake samu rabin inci ne kawai, wato kusan milimita 13, amma yana rage tazarar da ke tsakanin taya da madigadi, har taya ta riƙa gogar sa idan an faɗa rami da kaya, yana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya, yana kuma rage ƙarfin birki da ɗan kaso domin durom ɗin bai ƙaru ba amma ƙafar da zai tsayar ta ƙaru. Idan gaba kawai aka canza, yadda babur ke shan kwana ma yana sauyawa. Mafita mafi aminci a mafi yawan lokuta ita ce a bar hob na asali da murfinsa, a saƙa masa sabon rim, domin ta haka sanda da boris da birki duk suna nan yadda kamfani ya tsara. Sai dai a lura cewa yawancin baburan Japan sifok, wato wayoyin ƙafa, 36 gare su, na Ingila kuma 40, sannan ramukan rim an huda su ne a karkace daidai da girman hob ɗin da aka nufa, don haka rim ɗin da aka yi wa ƙaramin hob zai lanƙwasa sifok idan aka tilasta shi a kan babba, su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu kuma an shiga yayin ɗaura wa tsofaffin babura birkin faifai mai aiki da mai, wanda Honda CB750 ta fara yaɗawa a duniya a 1969. Babu shakka ya fi birkin durom kamawa, musamman idan ya yi zafi. Amma fok na babur da aka ƙera don birkin durom ba shi da kunnuwan da ake ɗaure makamin faifan, kuma walda a jikin ƙafar fok ta alminiyam aiki ne da ban yarda a ɗora rai a kansa ba. Wanda ya nace sai ya yi, to ya ɗauko gaban gaba ɗaya daga babur guda, fok da ƙafa da sanda da famfon mai, ya tabbatar wuyan ya dace da firam. Ya kuma sani cewa man birki mai alamar DOT 3 ko DOT 4 yana shan ruwa daga iska, ana canza shi duk shekara biyu, kuma zuba masa man inji yana kumbura robobin ciki ya lalata birkin. Masu Vespa kuwa, waɗanda tsofaffin samfuransu inci 8 ne, waɗanda suka biyo baya kuma inci 10, su sani cewa sauyawar ta wuce batun rim, ta haɗa da durom da murfi da gaban babur, kuma rim ɗinta mai rabewa biyu ba a kwance notocinsa sai an sace iskar taya tukuna.

Akwai kuma batun lafiyar makanikan kansu, wanda bai kamata in tsallake ba. Tsofaffin lainin birki da yawa an yi su ne da wani ma'adini da ake kira asbestos, kuma ƙurarsa idan ta shiga huhu tana haddasa cututtuka masu tsanani, har da ciwon daji, waɗanda ba sa bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Yaran da ake koya wa aiki su ne ake ba su durom su hure da baki ko da iskar kwamfuresa. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa ya share wannan ƙura, kuma duk ubangidan da aka damƙa wa ɗan wani amana ya kamata ya hana shi wannan hurawa tun ranar farko.

Ina kuma jan hankalin mahaya kansu, domin da yawa daga cikinmu sun taso da tsoron birkin gaba, har wasu suna sassauta shi ko su cire wayarsa da gangan. Wannan ne ya sa ba a damu da abin da aka ɗaura a gaba ba, tunda an ɗauka ba za a yi amfani da shi ba. Gaskiyar magana ita ce idan babur yana tsayawa nauyinsa gaba yake komawa, kuma kaso mafi girma na tsayawar, wanda masu koyar da tuƙi ke ƙiyastawa da kusan kashi 70 cikin 100, daga ƙafar gaba yake fitowa. Ina zargin cewa wani ɓangare na wannan tsoro ya samo asali ne daga birkunan da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ko dai su ƙi kamawa ko su kama gaba ɗaya lokaci guda.

Ga masu saye da sayarwa, adalci shi ne wanda zai sayar da tsohon babur ya faɗa wa mai saye cewa ƙafar gaban ta wane samfuri ce, murfin birkin na wane ne, domin ranar da zai je sayen laini ko boris ya san abin da zai tambaya. Ɓoye wannan ɓoye aibi ne a ciniki, kuma addini ya hana. Wanda kuma ya cire kayan asali kada ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin shayi, ya ajiye su, domin hob na asali ko da ya tsufa shi ne abin da za a auna a samu madadinsa, kuma babur mai kayansa na asali ya fi daraja a wajen masu neman irinsa.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA ne da kwalejojin fasaha da ke jihohinmu. Sanin wace ƙafa ke hawa wane babur, da wane laini ke zama a wane durom, yana nan a kawunan dattawan da suka yi aiki a kan waɗannan injuna tun suna sababbi, kuma waɗannan dattawa suna ƙarewa ba tare da an rubuta abin da suka sani ba. Ina ba da shawarar a zauna da su, a ɗauki ma'aunin nan mai baki biyu da ke karanta milimita, a auna kaurin sanda, da lambar boris, da faɗin hob, da faɗin durom, da wurin zaman tudun da ke riƙe murfi na kowane samfurin da ke yawo a ƙasar nan, a buga shi da Hausa a ɗan ƙaramin littafi da za a rataye a kowane gareji. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na jihohi, su ma za su iya ƙara duba fin na sandar birkin baya da zaman murfin gaba cikin abubuwan da suke dubawa, domin aiki ne na minti guda. Idan wannan jarida za ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, inda makanikai za su riƙa aiko da awon da suka tabbatar da hannunsu, ni a shirye nake in fara da na Roadmaster da na C70 da nake da su a rubuce.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, ya kuma tsare mu a kan hanyoyinmu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani tsohon makanikin babur, Zariya.